Sun Ƙone Min Hanci, Arzika

Zuwa ga aminina Arzika, wanda ya riga ni kwanciya.

Bayan sallama, ina fatan ƙasa ta yi maka sauƙi. Ummaru ne na Kwargaba. Ina nan da rai, sai dai ba daɗi.

Ka san haɓona. Tun muna samari, in rana ta buge mu a gonar albasa hancin ga ke zuba. Kai ke kwara min ruwan rijiya a ka, kana cewa, "Ummaru, jinin ga ya fi ka son yawo." Bai taɓa hana ni komai ba.

Bayan ka tahi ya tsananta. Lokacin kuma ɗan Alhaji Bawa, wanda ke Abuja, ya shimfiɗa ma masallacinmu kafet. Wata La'asar na ɗago daga sujada, sai ga jini. An wanke, tabon ya ƙi hita.

Liman bai iya faɗa min da bakinai ba, na'ibi ya aiko. Wai in riƙa tsayawa bakin ƙofa, in abin ya taso in fi saurin hita. Bakin ƙofa, Arzika, wurin takalma! Ni da kai muka kwaɓa ƙasar masallacin ga da ƙafafunmu. Sahun gaba, bayan liman, nan muke tsayawa tun limamin yanzu na goye.

Kai shaida ne, ko allura ban taɓa yarda an yi min ba. Amma na shiga mota har asibiti Sakkwato. Aka ce sai an ƙone jijiyar hancin. Na ɗauka ƙarfe za su sa a wuta irin na shedar shanu, ashe ɗan tsinke ne awa ashana. Likita ya leƙa da fitila, ya fesa wani abu, ya dangwala ma jijiyar. Hawaye suka zubo min gaban ɗiyan mutane. Ya ce kar in fyace, kar in sa yatsa, kar in duƙa sai wurin ya warke. Na yi ta sallah zaune cikin ɗaki, ina shafa mai a hanci awa jinjiri.

Ya warke. Ko ɗigo babu.

Na koma da Azahar tun kafin kira. Alhaji Bawa na tarar zaune wurina yana jan carbi. Mutumin da muka sani sai ranar Idi! Ya ɗago ya ce min ya jiki. Ba wanda ya matsa. Can baya na tsaya, sai wani ya kawo buhun taki ya shimfiɗa inda goshina zai sauka.

Mi na yi musu, Arzika?

Ban sake komawa ba. In an kira sallah, buzuna nake shimfiɗawa ƙofar gida. Sun ce girman kai ne. To, shi ne.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yafe maka, Ya haɗa fuskokinmu. Su ko ban roƙa musu komai ba tukuna. Ranar da za su sallace ni dai, dole su aje ni gaba, gaban liman ma.

Naka har kullum,
Ummaru