Dakuwar Bikin Basma

Gummi, 4 ga Maris, 2013

Zuwa ga Zinatu, matar ƙanena Barau,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da Barau da ɗiyata Basma. Yaya zafin Anka?

Na zaɓi takarda ne don maganar waya ana iya musanta ta gobe. Ke kika ce bikin cikar Basma shekara biyar ba na ɓarnar kuɗi ba ne, a dai samo abin da za a ƙulla wa yara su tafi da shi gida. Na bi teloli uku na tattaro ƙyallaye, na ɗinka 'yan jakunkuna arba'in da hannuna, kowace na sa mata fensir da balan-balan da ƙullin dakuwar aya. Jiya Nababa direba ya dire mini kwali a ƙofar gida. Jakunkuna kin riƙe, fensir kin riƙe, dakuwa ta dawo duka arba'in, ko gaisuwa babu a ciki.

Na kuma karanta sunayen yaran da za ki aika wa kati. Shekara ashirin da biyu ina kiran rajistar aji, na san yadda ake ɓatar da yaro a takarda. Akwai 'ya'yan ma'aikatan sakatariya, akwai na mai kyamis, har da jikar wata Hajiya da ban taɓa jin sunanta ba. Babu Dija, ɗiyar Hure ta Sunke. Hure ɗiyar kawunmu ce, in kin manta. Na san tun ciwon gubar dalma Dija ba ta iya magana sosai, kuma yawu na zubo mata. In shi ne dalili, ki rubuto mini shi da hannunki.

Wassalam. Yayarki, Malama Luba.

Anka, 6 ga Maris

Yaya Malama,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ki da girmamawa, Baban Basma na gaishe ki. Jakunkuna sun yi kyau ƙwarai, Basma ta zaɓi mai ruwan goro ta ƙi ajiyewa.

Dakuwa kuwa, na ga zafi ya yi yawa, na ji tsoron kada ta yi mai kafin ranar. Za mu sa biskit. Maganar Dija ki kwantar da hankalinki, za ki gani in kin zo ranar Asabar ta sama.

Yaya, don Allah dakuwar a turmi aka daka ta ko inji aka kai? In inji ne, na wa?

Ki huta lafiya. Ƙanwarki, Zinatu.

Gummi, 8 ga Maris

Zinatu,

Salama irin ta addini, tunda ita ba a hana kowa.

Dakuwata ta taɓa zuwa Makka a jakar Innarmu ta yi wata guda ba ta canja ba, sai Anka ce za ta narkar da ita. Na tambaye ki abu biyu, kin ba ni biskit da "za ki gani". Daga ƙarshe kuma ke ce mai tambaya, kamar malamar tsafta ta shigo duba gida.

To ga amsa. Kafaɗata ta daina ɗaukar taɓarya. Na soya aya da gyaɗa a gidana, na kai injin Makau da ke bayan layinmu. Baƙo ne, ya zo bayan Babbar Sallah, niƙansa na laushi kuma ya fi kowa sauƙi. Can nake niƙa geron kunun jikana Kamalu kullum, ga shi nan da shekararsa uku yana hawan katanga. In matan sakatariya ne suka ce abin ƙauye ba ya shiga jakar biki, ki gaya musu Barau da dakuwa na yaye shi bayan rasuwar Inna.

Ba zan zo ba sai na ga sunan Dija. Dakuwa kuma ba za ta lalace ba. Ranar Litinin zan ba Nababa ya kai wa Hure a Sunke, Dija ta ci rabonta da na 'ya'yan sakatariya.

Luba.

Anka, 9 ga Maris

Yaya Malama,

Ina gaishe ki. Na kira wayarki sau shida ba ki ɗauka ba, shi ya sa na tsayar da motar farko na ba da wannan takarda.

Kada ki ba kowa dakuwar nan. Kada ki ƙara dama wa Kamalu kunu da garin injin nan.

Hure ba ta Sunke, tana gidana yau kwana goma sha biyu, saboda ana duba Dija a asibitin yaran dalma. Ban rubuta Dija ba don kati na baƙi ne, ita kuwa tabarma ɗaya suke kwana da Basma, kuma tare za su riƙe wuƙar yanka kek. Hure ce ta ce kada a faɗa, ta gaji da 'yan zuwa kallo.

Ranar da kwalinki ya iso, Nababa na shan ruwa a zaure ya ce ai wannan niƙan Makau ne, shi ne ma ya ɗauko masa injin daga Sunke zuwa Gummi. Hure na jin sunan ta fizge ƙullin da ke hannun Dija. Ta ce injin da ya yi shekara biyu yana niƙa dutsen zinariya a bayan gidansu ke nan, wanda ƙurarsa ta ci mata yara biyu. Ta ce ko an wanke shi ba ta yarda da shi ba.

Na so in faɗa miki tun ranar. Baban Basma ya ce Nababa surutu gare shi, kada a ce wa Yaya ta aiko da guba alhali ba a tabbatar ba. Ni ma na ji nauyinki. Ban san da kunun Kamalu ba sai jiya. Ki yafe mini.

Zinatu.

Gummi, 11 ga Maris

Innar Basma,

Assalamu alaikum. Ki gaishe mini da Hure, ki ce ta yafe mini.

Na je wurin Makau, labarin Sunke kawai na tambaye shi. Ya kashe injin ya tsaya yana kallon ƙasa. Na shiga gida bakwai na layinmu na gargaɗe su, sannan na kai magana wurin mai unguwa. Dakuwa da sauran gari na haƙa rami mai zurfi a bayan gari na binne.

Har yanzu ina fushi, kada ki ɗauka na huce. Kin ji nauyina, sai kika maido mini da kwalin cikin gidan da akwai yaro. Ki gaya wa Barau kunyar da na koya masa ba irin wannan ba ce. Arba'in kika maido, talatin da bakwai na binne. Ukun Kamalu ne ya ci, ni na ba shi da hannuna, ina ta zaginki a zuci.

Ba zan jira Asabar ba, gobe muna tafe. Ki ƙara sunan Kamalu a takardarki, ki ajiye masa jaka. Ki tambayar mini Hure wace ƙofa ake bi a asibitin, kuma da wane lokaci suke fara ɗibar jinin yara.

Wassalam. Yayarki, Luba.