Wuƙar Ɗana Ta Yankan Rago Ce

Zuwa ga Babban Kwamandan jiragen yaƙin ƙasashen waje masu gadin teku tsakanin gaɓar Afirka da ƙasar Larabawa.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da sojojinka. Ni tsohon mahauci ne a birnin Madina, ina zaune a unguwar Harra ta Gabas, kuma na tsufa a bayan teburin nama a unguwar Sultana. Ban san ko wannan takarda za ta iso hannunka ba, shi ya sa na bar ta a buɗe, ko Allah zai sa wani ya fassara maka. Tsoro ne ya sa ni rubutu, ba rashin kunya ba.

Ina da ɗa namiji guda, Harisu, magidanci mai 'ya'ya mata biyu. Aikinsa kula da dabbobi a jirgin katako mai ɗauko raguna daga ƙetaren teku zuwa Jidda, domin hadayar alhazai. Shi ke ba su ruwa da ciyawa, shi ke duba marasa lafiya.

Na ɗaya. Ban raina aikinku ba. 'Yan fashin teku gaskiya ne, kuma da can su kaɗai nake tsoro duk lokacin da Harisu ya yi sallama. Allah ya saka muku da alheri da kuka rage su. Amma yanzu tsorona ya zama biyu, kuma na biyun ya fi hana ni cin abinci.

Na biyu, ga abin da ya faru. Gabanin aikin Hajjin bara, da rana tsaka, jirginku mai saukar ungulu ya tsaya a sama saitin jirginsu, sojojinku kuma suka hau domin bincike. Aka tara ma'aikata a gaban jirgi, aka ce kowa ya zauna ya ɗora hannu a ka. Kowa ya bi umarni. To, amma rago bai san soja ba. Ƙara da iska suka firgita dabbobin, suka ruga kusurwa guda, suka hau kan juna. Ɗaya ya faɗi a ƙasa, aka tattake shi, ya fara shure-shuren mutuwa. Harisu ya hango shi. Bai yi shawara da kowa ba, har da kansa. Ya zabura, ya zare wuƙar da ke ƙugunsa, ya nufi ragon da gudu. Sojanka ya ga baƙin mutum da tsirarar wuƙa, ya harba. Harsashin ya shiga ta kafaɗar hagu. Likitan da ya duba shi a Jidda ya nuna mini da yatsunsa tazarar da ta rage zuwa jijiyar wuya, kuma tun ranar ban daina ganin yatsun nan ba.

Na uku, wannan ne nake so ka fahimta, domin shi ne ba ya cikin littattafanku. A wurinmu, dabbar da ta mutu ba a yanka ba ta zama mushe, haram ce, sai dai a jefar. Idan aka riga mutuwa aka sa mata wuƙa da sunan Allah, ta zama abincin mutane. Tsakanin biyun numfashi kaɗan ne. Saboda haka ɗan mahauta ba ya rabuwa da wuƙa, kuma ba ya tafiya a hankali zuwa wurin dabbar da ta faɗi. Ni na koya masa wannan, da faɗa da tsawa, tun bai kai tsayin tebur ba. Na sha gaya masa cewa ragon da ya mutu a gaban mahauci abin kunya ne har kabari. Ashe da bakina nake tura shi gaban bindiga.

Ban ce sojanka mugu ne ba. An ce mini saurayi ne, kuma yana tsaye a wurin lokacin da likitanku ke ɗinke raunin. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi. Amma kuskurenku a bakin bindiga yake fitowa, mu kuwa a gidajenmu yake sauka.

Na huɗu. Kafaɗar ta warke, kakar raguna ta zagayo, Harisu zai koma teku bayan Juma'ar nan. Na hana shi, ya ce ba shi da wata sana'ar. Na zaunar da shi, ni da na ƙare rayuwata ina zagin masu barin dabba ta yi mushe, na roƙe shi da girman Allah cewa in sojoji na cikin jirgi ya ƙyale kowane rago ya mutu, ko da ɗari ne. Ya sunkuyar da kai ya amsa mini da to. Amma na san ɗana, kuma hali zanen dutse ne. Ranar da wani ragon ya faɗi, ƙafarsa za ta tashi kafin ya tuna da alkawari.

Saboda haka nake roƙo, ranka ya daɗe. Ku riƙa hawa jiragen dabbobi da wanda ya san Larabci da al'adar Musulmi. Ku nisanta mai saukar ungulu daga kan garke. In za ku zaunar da mutane, ku fara karɓar wuƙaƙensu, za su miƙa ba musu, ko ku bar mutum ɗaya tsaye wurin dabbobin. Kuma ku gaya wa samarinku su dubi inda mai wuƙa ya nufa kafin su danna kunamar bindiga.

Ina yi maka addu'a a Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Allah ya ba ka basira, ya mayar da kowane sojanka hannun uwarsa lafiya. Ni dai na kasa cire abin da na dasa a cikin ɗana, kuma kwana huɗu suka rage mini. Saura ku da ke riƙe da bindiga.

Wassalam.

Naka cikin fargaba,
Mahaifin Harisu,
Harra ta Gabas, Madina.