Suna Na Shida a Jikin Bango

Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Anti da yara. Kullum muna sa ku a addu'a, Allah ya raba ka da ciwon bayan nan da Anti ta ce yana hana ka sunkuyawa, ya buɗa maka a wurin aiki, ya raya mana yaran cikin tsoronsa. Mu nan gida lafiya lau, sai godiya. Kumburin ƙafar Baba ya sace, har ya koma zuwa sujadar safe. Likita ya ce ya rage gishiri, shi kuma ya ce likitan yaro ne. Mama tana nan da shagonta da rediyonta. Auta ta ci jarrabawa, yanzu ko shara aka ce ta yi sai ta ce ana ɓata wa ilimi lokaci. Goggo ta zo mana kwana biyu, yau mako uku ke nan.

Yaya, na san ka ga hotunan tafiyar bisharar da matasan cocinmu suka yi, don na ga abin da ka rubuta a ƙarƙashinsu, wai Allah ya yi mana albarka, mun fi ku ƙoƙari a zamaninku. Na karanta, na kife wayar. Na zaɓi in rubuto maka a takarda ne saboda na san halinka, a waya ba za ka bar ni in kai aya ba, za ka fara ba ni haƙuri tun ban faɗi abin da ya faru ba. Akwai abin da hotunan nan ba su nuna ba, kuma akwai alfarmar da nake nema, wadda kai kaɗai za ka iya yi mini ita.

Ba zan yi wa tafiyar ƙarya ba, ta fara da kyau. Wata uku muka yi muna shiri, kowace Laraba azumi da nazarin Ayyukan Manzanni. An haɗa mu biyu-biyu abokan addu'a, ni aka haɗa ni da Nas, 'yar gidan mai gyaran agogo, wadda take aiki a asibitin yara. Abin da ban taɓa gaya wa Mama ba na gaya mata, ita ma haka, muka yi kuka tare, muka yi dariya tare. A mota kuwa, awa tara muna waƙa, Shugaban matasa yana kaɗa jitarsa mai tsirkiya biyar, mu ashirin da biyu kamar uwa ɗaya ta haife mu. Na ce a raina, ashe wannan ne girma cikin bangaskiya da ake ta faɗa mana. Da gaske na ji hakan, shi ya sa abin yake ci mini rai yanzu.

Ka san wurin, don kai ka fara kai matasa can shekara goma sha biyu da suka wuce: ƙaramar majami'ar nan da ke bayan wurin gasa bulo, mai benci takwas da taga biyu. Kwana uku muka ba kanmu, kuma ka san mu da jadawali, komai da sa'arsa. Ranar farko wa'azi gida-gida, ta biyu fenti, ta uku sujadar ban kwana. Ni sakatariya ce, amma aka sa ni cikin masu fenti. Ranar fentin da sassafe mutanen wurin suka tafi aikinsu, mai bishararsu kuma ya raka wata mai naƙuda asibiti, ya bar mana makulli, yana ta godiya. Bai ce mana komai game da bangon ba, don bai taɓa zaton akwai wanda yake bukatar a gaya masa ba. Mu ma ba mu tambayi kowa ba. Baƙo ko da idonsa makaho ne, mu kuwa ga makanta ga sauri.

Bangon hagu cike yake da rubutu, daga daidai gwiwa har inda hannu zai kai, wani da fensir, wani da gawayi, wani da biro. 'Yan'uwa suka yi ta dariya, wai yaran wurin nan ba su da tarbiyya, har ɗakin Allah ba su bari ba. Ni da na matsa kusa sai na ga ba zanen yara ba ne, sunaye ne, kowanne da kwanan wata, wasu da ɗan gicciye a gefe. Na kira Shugaba na nuna masa. Ya duba agogo, ya ce in mun tsaya tambayar kowane ƙyalle ba za mu gama ba, dole shafi na biyu ya hau kafin rana ta karya don a samu hasken ɗaukar hoto. Ga kuma Injiniya, wanda ya taɓa bin masu fenti wata shida, ya ce aikin Allah ba a yi masa ha'inci, sai an kankare bango an wanke shi da sabulu kafin fenti ya kama. Aka kankare, aka wanke, aka shafa shuɗin fentin mai har sau biyu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Yaya: na gani, na yi magana sau ɗaya, aka duba agogo, na yi shiru na ɗauki buroshi. Ƙasan taga ta biyu da hannuna na shafe shi.

Da la'asar mutane suka dawo daga aiki, muka jera a ƙofa muna jiran su yi mamaki. Suka shiga, suka tsaya suna kallon bangon. Mai bishara ya tsaya a tsakiyar ɗakin riƙe da hularsa, ya ce an gode, Allah ya saka. A hankali ya gaya mana cewa littafin ikilisiyar gara ta cinye shi tun shekara talatin da suka wuce, daga nan suka koma rubuta kowa a bango, wanda aka yi wa baftisma da wanda ya riga mu gidan gaskiya, gicciyen nan alamar waɗanda suka rasu ne. Ana cikin haka wata tsohuwa da kowa yake ce wa Kaka ta ratsa mu da sandarta, ta nufi ƙasan taga kai tsaye, ta ɗora tafin hannunta a bango. Fentin bai bushe ba. Ta dubi hannunta ya yi shuɗi, ta juya ta tambayi mai bishara, ba da faɗa ba, wai ina aka mayar da sunayen. 'Ya'yanta shida ne a wurin, duka da gicciye. Ba ta iya karatu ba, wurin kawai ta sani, shekara da shekaru tana dafa shi kafin ta zauna a bencinta.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da muka yi bayan haka. Shugaba ya tara mu a bayan makarantar da muka sauka, ya ce kada mu bar Shaiɗan ya sace mana farin cikin hidima, Allah zuciya yake dubawa. Muka kama hannun juna, aka yi addu'a, wasu suka yi kuka, aka rera waƙa biyu, kowa ya ce ya ji sauƙi. Mu muka yi ɓarnar, mu muka yafe wa kanmu, ba wanda ya taka zuwa ƙofar Kaka. Na ce a duba hoton da aka ɗauka kafin a fara aiki, ko za a ga rubutun. Aka duba. Hoton ya yi kyau ƙwarai, mu ashirin da biyu ne muka tare bangon daga wannan kusurwa zuwa waccan, kowa da buroshi a sama yana washe baki.

Ranar Lahadi bayan mun dawo, aka haska hotuna da majigi, ikilisiya tana tafi. Ni ce mai karanta rahoto, kuma Shugaba ya riga ya ja mini kunne cewa kada maganar bango ta shiga. Na karanta gidajen da muka ziyarta, da kayan da muka raba, na kai ƙarshen takarda. Ka san bakina. Na ajiye takardar, na faɗi abin da na faɗa maka yanzu, har da buroshin da ke hannuna. Ba a yi tafi ba. Ranar Talata dattawa suka kira ni. Wani ya ce na kunyata matasa a gaban baƙi, wani ya ce iyaye ba za su sake ba da 'ya'yansu a tafi da su ba. Fasto ya ce gaskiya na faɗa, amma kowace magana da muhallinta, in ɗan huta daga aikin sakatariya har ƙura ta lafa. Na ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, ni so nake mu koma mu gyara. Aka ce za a sa a addu'a. Yanzu in na shiga taron matasa, bencin da na zauna ya fi kowanne fili. Nas ma tana gaishe ni, amma irin gaisuwar da take yi wa masu jiran layi a asibiti.

Makon jiya na nemi hutun kwana biyu a kantin maganin da nake aiki, na koma ni kaɗai, da littafin rubutu da ƙaramin buroshi da baƙin fenti. Na ɗauka za su kore ni, wallahi da ya fi mini sauƙi. Sai suka kawo mini kujera. Mai bishara ya sanar, mutane suka riƙa zuwa daga wurin gasa bulo da toka a jikinsu, kowa yana faɗin nasa, ina rubutawa. Wasu kwanakin watan sun ɓace, wasu iyalan sun daɗe da tashi daga wurin, babu mai faɗin nasu. Mun samu ɗari da arba'in da ɗaya, mai bishara ya ce bai kai rabi ba. Shi ma shekararsa biyu kawai a wurin, wanda yake wurin kafin shi kuma ya rasu.

Kaka ce ta zo ƙarshe. Ta zauna, ta lissafa mini 'ya'yanta da yatsu, ɗaya bayan ɗaya, har biyar, ta tsaya. Na shidan kwana tara ya yi a duniya, namiji, marigayi mijinta ne ya sa masa suna, ya kuma rubuta da hannunsa. Ta ce tun da tsufa ya fara wasa da kanta ba ta damu ba, don ta san sunan yana nan a ajiye, duk ranar da ta so sai ta sa a karanta mata. Ta rufe ido, ta motsa baki, ta sake farawa daga na fari ko zai biyo 'yan'uwansa, bai biyo ba. Muka tambayi tsofaffin wurin, kowa ya tuna an yi jaririn, ba wanda ya tuna sunansa. Ta ce in yi haƙuri ta ɓata mini lokaci. Yaya, ita take ba ni haƙuri.

Na fita bayan majami'a na kira Nas, don duk da komai ita ce abokiyar addu'ata, ban san wa zan kira ba. Ta saurare ni har ƙarshe, kuma na ji muryarta ta yi laushi. Sai ta ce, tunda tsohuwar ba ta iya karatu ba, kuma ta manta, in rubuta kowane suna mai daɗi daga Littafi Mai Tsarki in ce mata an samo, hankalinta ya kwanta, nawa ma ya kwanta, Allah ai ya san yaron. Da tausayi ta faɗa, ba da mugunta ba, wannan ne ya sa na kasa ko yi mata faɗa. Kuma kada ka ɗauke ni waliyiya, na tsoma buroshin, na kai shi bango, har na zaɓi sunan. Abin da ya tsayar da ni shi ne na ga zan shafe yaron nan sau biyu. Na rubuta biyar, na bar fili a ƙarƙashinsu, na sa gicciye kawai. Na gaya wa Kaka gaskiya. Ta auna filin da yatsu uku, ta ce ya isa, sunan ba dogo ba ne.

To ga alfarmar. Lokacin da kuka je kana da kyamarar nan taka, ba abin da ka bari, har awakin mutane sai da ka ɗauka, Mama tana ta faɗan ka cika mata gida da hotuna. Na birkice akwatunan gida ban ga na tafiyar ba, Baba ya ce ka tafi da albam ɗin. Don Allah ka nemo shi, ko da yana ƙarƙashin kayan Anti ne. Ka duba duk hoton da aka ɗauka a cikin majami'ar, bangon hagu, ƙasan taga ta biyu, kamar taƙi uku daga ƙasa. Sunaye shida ne a jere, na ƙarshen da fensir. Idan ya fito, ka ɗauke shi da waya ka turo mini, ko harafi biyu ne, wataƙila su jawo mata sauran. Idan bai fito ba, kada ka yi mini kara, kada ka yi hasashe. Ka gaya mini haka nan, ni zan hau mota in je in faɗa mata da bakina. Ka yi sauri kuma, don tsohuwar numfashinta ba shi da kyau.

Ka gaishe mini da Anti, ka ce mata mayafin ya iso, har Goggo ta sa masa ido. Ka shafa mini kan Gimbiya da Sarkin Rigima, ka ce wa Gimbiya ina jiran wasiƙar da ta yi mini alkawari. Baba da Mama suna sa muku albarka, Auta da Goggo suna gaisuwa, Kawu Direba ma ya ce kada in manta da shi. Matasa ba su ba ni saƙon gaisuwa ba, ni kuma ba zan ƙirƙira musu ba. Amma Kaka ta ba ni. Da na ce mata ina da wa wanda ya taɓa zuwa, sai fuskarta ta washe, ta ce ai ta san ka, dogon nan mai jar riga da ya faɗo daga kan benci yana ɗaukar hoto. Ta ce in gaishe ka da kyau, in tambaye ka gwiwar ta warke. Kai ta tuna ka, Yaya, har launin rigarka.

Allah ya tsare, ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka mai jiran amsa,
wadda kake kira Bakin Reza