Sirrin Babi na Huɗu Ya Fita a Majalisa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Adimin don Allah a sakaya sunana, duk da na san kafin a kai layi na biyar wasu za su ce ai wane ne, to wanda ya gane ya riƙe a cikinsa. Don Allah ku ba ni shawara, ni da na saba raba ta kyauta har da gyara, yau ni ne a layi.

Ba yabon kai ba, daga Gyaɗi-Gyaɗi har ka dangana da Unguwa Uku, idan ka samo wanda ya fi ni sanin zuciyar ɗan fursuna ka kawo shi in cire hulata in ba shi. Shekara ashirin da uku ina aiki a gidan gyaran hali, sashen walwala, ni ne mai zama da fursunoni in ji kukansu, in kira musu dangi, in rarrashi wanda ya ƙi cin abinci. Mutum yana shigowa, daga yadda ya riƙe ledar kayansa nake sanin ko zai sake dawowa. Sannan Allah ya hore min baki. Majalisar da na zauna ba a tashi da haƙarƙari lafiya, na taɓa ba da labari a zaman makoki sai da ɗan mamacin ya roƙe ni in koma can gefe saboda baƙi suna shigowa suna tarar da mutane suna dariya. Shekarata hamsin da ɗaya, iyali sun yi yawa, tumbi ya fito, kowa a layinmu Dakta yake ce min tun ranar da na sayi fom ɗin digirin digirgir.

Shekara bakwai ke nan ina fama da digirin digirgir a fannin shari'ar laifuka da gyaran hali. Waɗanda muka fara tare wasu har sun yaye nasu ɗaliban. Ni kuwa yau aiki, gobe yajin aiki, jibi Farfesar da take duba min kundi ta mayar min da shi ja wur kamar an yanka rago a kai. Amma dai na kai ƙarshe. An aika kundin wajen malamin da zai zo daga wata jami'a, an sa ranar da zan tsaya in kare shi, saura sati biyar, kuma makaranta ta rubuto min cewa wannan shi ne ƙarin lokaci na ƙarshe, in ya wuce sai dai in sake sabon lale. Matata har ta fitar da anko.

Binciken nawa a kan yadda waɗanda suka gama zaman kaso suke komawa cikin jama'a ne a nan yankin Tarauni, wa yake ba su aiki, wa yake ba su haya, wa yake ba su aure. Na zauna da mutum goma sha takwas. Yawancinsu da sun ga rikoda sai su ce Alhamdulillahi komai lafiya, ka yi ta jan su kamar kana jan guga a busasshiyar rijiya. Mutum ɗaya ne ya buɗe min cikinsa, zan kira shi Mamman, ba sunansa ba ne. Daga ƙauye ya zo, yana dako a kasuwa, wata rana rikici ya haɗa shi da wani a kan layin lodi, ya ɗauki katako ya buga masa, hannun mutumin ya karye. Alƙali ya ba shi wata goma sha huɗu, ya yi abinsa ya fito, ya bar unguwar da yake zaune a da gaba ɗaya ya dawo ɓangarenmu inda ba wanda ya san shi. Wani bawan Allah ya ba shi Adaidaita, da safe yana kai 'ya'yan wasu nas-nas na asibitin koyarwa makaranta, da rana ya ɗauko su, iyayen sun yarda da shi har abin karin kumallo suke zuba masa tare da na yaran.

A irin wannan bincike akwai takardar amincewa da dole sai ka karanta wa mutum kafin ka kunna rikoda. Ni da kaina na mayar da ita Hausa, na karanta masa a zaurena, cewa ba za a bayyana shi ba, abin da ya faɗa na karatu ne kawai, kuma duk ranar da ya ga dama yana iya janye maganarsa ba sai ya ba da dalili ba. Muka sa hannu, na ba shi kwafi ɗaya. Zama shida muka yi. Ya gaya min abubuwan da ko mahaifiyarsa ba ta sani ba, yadda har yanzu ba ya iya zama a ɗaki an rufe ƙofa, yadda yake cin abinci hannu ɗaya a kewaye da kwano. Babi na huɗu na kundina, rabinsa Mamman ne. Farfesa da ba ta taɓa yaba min ko waƙafi ba, a gefen maganganunsa ta rubuta cewa nan ne ran aikin yake. Bayan an gama kuma sai zumunci ya shiga, ya koma yana ce min Baba, in motata ta ƙi tashi shi ke kai ni ofis, ranar sunan jikata shi ya yi ta jigilar kujeru.

To ga inda na kashe kaina. Muna da majalisa a bakin wani shagon tela, bayan la'asar ake haɗuwa. Wata rana hira ta yi sanyi, sai na ce bari in ba ku labarin wani mutumina. Wallahi na canza suna, na canza gari, na canza sana'a, a raina na cika sharaɗi. Amma Mamman yana da wata irin murya, da wata kalma da yake liƙawa a ƙarshen kowace magana, ba zan faɗe ta a nan ba, na daddara. Ni kuma ba na iya ba da labarin mutum ban yi muryarsa ba. Na yi, aka kwashe da dariya, har tela ya soke yatsa. Washegari aka ce Dakta a maimaita. Kun san halin mai ba da labari, abin da ya ba da dariya jiya yau sai an ƙara masa gishiri. Katako ya zama adda, adda ta zama bindiga. Rikicin layin lodi ya zama tare hanya. Wata goma sha huɗu ya zama shekara uku, kafin azumi ya kai shekara goma, har na sa shi ya haura katangar gidan yari sau biyu da cokali a baki. Ni a wajena wani mutum ne na ƙirƙira, mai muryar Mamman kawai. Ko sau ɗaya ban kawo cewa muryar nan tana yawo a kan titi ɗaya da masu sauraro ba.

Watanni uku da suka wuce Mamman ya zo min da fara'a, ya ga yarinya a Unguwar Gano, sun daidaita, ya gaya mata tarihinsa ba ɓoye-ɓoye ta ce ta ji ta gani. Mahaifinsa ya rasu, 'yan uwan uban suna nesa, ya ce ni yake so in shige gaba wajen neman auren, kuma in taya shi yi wa mahaifinta bayanin abin da ya faru a baya, tunda ni ma'aikaci ne za a fi jin ta a bakina. Na ce ai an gama, ni da na rubuta shafi ɗari uku a kan wannan. Na sa aka wanke babbar rigata.

Kafin ranar ta zo, iyayen yarinya suka tura a yi bincike kamar yadda aka saba. Wanda aka tura ƙanin mahaifinta ne, kuma ashe yana cikin masu leƙowa majalisarmu jefi-jefi, a can ƙarshen benci yake zama, ko sunansa ban riƙe ba. Ya je ya sami Mamman a inda 'yan Adaidaita suke fakin, suka gaisa, Mamman ya buɗe baki ya yi magana biyu, ya liƙa kalmar nan tasa. Mutumin ya ce daga nan jikinsa ya yi sanyi. Da ya tambayi wanda zai zo neman auren aka ce Dakta, sai ya ce shi ke nan, ɗan fashin Dakta ne. A sati guda an mayar da kayan gaisuwar da Mamman ya riga ya kai. Maganar ta bi 'yan Adaidaita har Unguwa Uku, ta isa asibiti, nas-nas ɗin nan ɗaya bayan ɗaya suka ce sun sami wani mai kai yara, ba na kuma ganin laifinsu, uwa ce ta ji an ce bindiga. Mai mashin ɗin ya karɓi makullinsa. Yanzu Mamman ya koma dako.

Na sa rigar da na wanke na tafi wajen mahaifin yarinyar ni kaɗai. Na durƙusa, ni da furfurata, na ce masa ƙarya na yi, babu bindiga babu fashi, faɗa ne na kasuwa kuma ya biya. Dattijon bai ɗaga murya ba, ya ce shi yanzu bai san wanne zai ɗauka ba, na bakin shago ko na zaurensa, tunda duka daga baki ɗaya suka fito, kuma ko ya yarda da ni, 'yan uwansa da suka riga suka ji ba za su zauna a ɗaura ba. Na koma majalisa na ce jama'a labarin nan fa ƙari na yi, sai suka fashe da dariya suna cewa Dakta ya fara sabon salo. Ranar na gane shekara da shekaru ina gina wa kaina bakin da ba ya iya wanke kowa. Tun daga nan ban sake zama a bencin ba. Abinci ma sai matata ta tsaya a kaina, ni da ake ɓoye tukunya in na shigo.

Juma'ar da ta wuce bayan an sauko masallaci Mamman ya zo ƙofar gidana. Na ce ya shigo zaure, ya ƙi. Ya zaro takardar amincewar nan daga cikin leda, shekara biyu tana wajensa ko lanƙwasa ba ta yi ba, ya ɗora yatsa daidai layin da ya ce yana iya janyewa, ashe ya haddace wurin. Ya ce yana so a cire maganarsa daga littafina, duka. Na ba shi haƙuri, na yi rantsuwa, na ce zan nemo masa wani mashin, zan bi gida-gida. Ya ce shi ba mashin ya zo nema ba.

To jama'a ga inda nake. Idan na cire shi, babi na huɗu ya rushe, na biyar da aka ɗora a kansa ya bi shi, kuma kundin ya riga ya tafi, sai na je na gaya wa Farfesa dalili da bakina. Matar nan ba ta wasa da amanar bincike, a gabana ta taɓa mayar da wani ɗalibi farko saboda ya bar sunan unguwar wata mata a rubutunsa. Ƙarshenta kwamitin ladabtarwa ne, kuma da wuya in tsira da digirin, wataƙila maganar ta kai ofis. Abokin karatuna da na gaya wa ya ce in yi shiru in shiga in kare abina, sunan da ke ciki na bogi ne, Mamman ba ya karanta Turanci, ba zai taɓa sanin an cire ko ba a cire ba, in na zama Dakta na gaske sai in fi iya taimakonsa. Matata kuma ta ninke ankon ta sa a akwati, ta ce ita ba za ta yi guɗa a kan haƙƙin maraya ba. 'Ya'yana ba su san komai ba, babbar kullum sai ta turo min hoton hular da za ta ɗinka min.

Ni na san abin da takarda ta ce, ni na fassara ta. Amma shekara bakwai ba kwana bakwai ba ce, kuma a shekaruna ba na jin zan iya sake farawa. Sannan ko na cire, aurensa ba zai dawo ba, yaran nan ba za su dawo mashin ɗinsa ba. In je in faɗa wa Farfesa komai in rungumi abin da zai biyo baya? Ko in kare kundin tukuna, daga baya in san yadda zan yi da shi? Malaman da ke cikin zauren nan, akwai hanyar da ake janye mutum ɗaya a wannan matakin ba tare da aikin ya mutu ba? Kuma waɗanda suka san Unguwar Gano da halin dattawanta, ta ina ake bi a mayar da magana irin wannan? Wanda zai zage ni ya zaga, na cancanta, amma ya haɗa da shawara.

Abin da ya sa na kasa bin maganar abokina ko da na so, shi ne abin da Mamman ya faɗa da zai tafi. Ya mayar da takardarsa cikin leda, bai ce min Baba ba, sai ya kira ni yadda suke kiran mu a can ciki. Ya ce, "Yallaɓai, shi alƙali da ya yanke min nasa, ya gaya min ranar fita. Naka ɗin nan, yaushe ne zan gama?"