Na Wanke wa Maigidana Tasharsa

Anti, don Allah ki taimake ni, na gaji da zaman kurame a gidana.

Maigidana ya yi shekara ashirin da takwas yana canja wa jiragen ƙasa layi. Da ya yi ritaya sai ya kafa tebur a ɗakin da yara suka bari, ya shiga gina 'yar ƙaramar tasha irin wadda ya yi aiki a cikinta. Taragai kamar kwalin ashana, bishiyoyi na soso, mutane ko ɗan yatsa ba su kai ba. Shekara huɗu ana abu ɗaya. Na yi mita har na haƙura. Warin gam ya kama labule, abinci ya huce yana can yana dasa ciyawa da hantsaki. Amma dai yana tashi da abin yi, har da 'yar waƙarsa.

Watan jiya aka yi masa aikin ido, ya kwana uku a asibiti. Ni kuma da neman suna, na ce bari ya buɗe sabon ido a kan abu mai tsabta. Duk tashar ta yi tsatsa da baƙin hayaƙi, na ɗauka rashin gani ne ya hana shi lura. Na sa tsumma da ruwan sabulu na dirje taragan tas. Wani siririn yashi da ya ratsa ciyawa ma na share shi.

Da ya dawo ya daɗe tsaye a kanta, ya yi mini sannu da aiki, ya rufe ta da zanen gado. Sai babbar 'yarmu ce ta gaya mini ashe tsatsar nan fenti ce, da gangan ya yi ta, tarago ɗaya yakan ci masa mako. Yashin kuwa hanyar da nake bi ce ina kai masa abinci muna amarci.

Na ba shi haƙuri sau uku, ya ce ba komai. Yau kwana ashirin bai shiga ɗakin ba, yana zaune a falo yana kallon bango, hannunsa ma ya fara rawa. Ina tsoron kada zaman nan ya kwantar da shi. Wallahi na gaji, ban san me ya rage in yi ba.

Mai Tsumma

'Yar'uwa, sannu. Ba mugunta kika yi ba, kuma shi ma da nasa laifin: shekara huɗu kuna gida ɗaya bai taɓa zaunar da ke ya nuna miki abin da yake yi ba. Amma ke ma mita kika yi, ba ki tambaya ba. Shirunsa kuma ba gaba ba ce. Yana tsoron hannunsa ba zai iya maimaita aikin ba, ya kasa faɗa.

Ki daina ba da haƙuri, ya ji. Kada ki sayo masa sabon tarago, kada ki aika 'yarku ta lallashe shi. Rawar hannun nan kuwa, ku nuna wa likita.

Gobe bayan karin kumallo ki samo yashi mai laushi, ki tankaɗe shi, ki ɗauki kujera ki shiga ɗakin, ki yaye zanen. Ki kira shi ki ce kin tuna hanyar, amma ba ki san yadda ake manna ta ba. Ita kaɗai ce abin da kika fi shi sani a teburin nan, ƙafarki ce ta yi ta. Da wuya mai sana'a ya ga ana ɓata gam a gabansa ya yi shiru. In bai zo ranar farko ba, ki koma washegari.

Daga nan ya zama ido, ki zama hannu. Kin daɗe kina goge datti a gidan nan, yanzu sai ki zauna ya koya miki yadda ake sa shi.

Allah ya ƙara masa lafiya, ya sanyaya miki zuciya.

Anti