Na Ce wa Kawu Shafin Ya Yi Nauyi

"Kawu, shafin ne ya yi nauyi." Haka na faɗa masa a waya, ina tsaye bakin titi ina tarar adaidaita, ko tunani ban yi ba. Ya ce, "Nauyi ko? To. Dama an gaya min." Ya kashe. Wannan kalmar ce ta hana ni sakat har yau.

Salamu alaikum admin da jama'ar wannan gida. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe, na riga ku zagin kaina.

Ni saurayi ne a Kano, aikina haɗa wa mutane shafukan intanet. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana Doguwa yana sana'ar zuma. Yana da amini, Baffa Buba, bafulatani daga gefen Falgore. Shi ke da amya a daji, shi ke sauko da zumar, Kawu ya tace ya zuba a kwalba ya sayar. Tun ina ƙarami kwano ɗaya na san suna ci. Ni na zuga Kawu ya buɗe shago a intanet, na ce masa mutanen birni ido rufe suke neman zuma mara haɗi. Baffa Buba bai so ba. Ya ce, "Kasuwar da ba ka ganin fuskar mai saye, ni ban gane mata ba." Kawu ya ce, "Kai ɗan daji, me ka taɓa ganewa ban da saniya?" Suka yi dariya, aka wuce.

Ga laifina. Lokacin ina neman aiki a wani kamfani, sun ce in nuna musu abin da na taɓa yi, sai na mayar da shagon Kawu wurin nuna gwaninta. Na ɗora bidiyon ƙudan zuma a farkon shafi, na zuba hotuna manya-manya yadda suka fito daga kyamara ban rage su ba, har da sunana yana walƙiya a ƙasa. A kwamfutar ofis nan take yake buɗewa. Amma mai ƙaramar waya da datar lallaɓawa fa? Farin allo zai gani, da 'yar da'irar nan tana juyawa, tana juyawa. Wa zai tsaya jiran hoton kwalbar zuma ya gama lodin? Ku za ku tsaya? Kuma ina gani ta ɓangarena, mutane suna shigowa suna ficewa kafin hoton farko ya fito. Na san ciwon, na san maganin, na ce bari dai kamfanin su gama dubawa tukuna.

Kawu kuwa ya cika ɗaki da kwalabe, oda shiru. Shi ne ya kira ni yana tambayar me ke faruwa, na ba shi waccan amsar. Ni nauyin bidiyo nake nufi, wallahi. Ashe shi ya riga ya je wurin wani mai duba, an ce masa akwai nauyi a kan kasuwarsa, kuma na jikinsa ne ya ɗora. Da ya ji kalmar ta fito daga bakina, ni da yake kira "injiniyanmu" a gaban mutane, shi kenan magana ta tabbata. Kuma wa ya ƙi shagon tun farko?

A bakin Umma na ji. Ta ce, "Ka ji abin da Buba ya yi wa kawunka? An ce kai ma ka gani a kwamfuta." Nan ne ya kamata in ce Umma ba haka ba ne. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne "Allah ya kyauta." Kunya ce? Tsoro ne kar a ce injiniya ya yi shirme? Na dai ce wa kaina in na samu aikin zan gyara, oda ta shigo, su shirya da kansu.

Baffa Buba ba ya rubutu, saƙon murya ya sa aka turo min. Ana jin iska da kukan shanu a bayansa. Ya ce, "Ɗana, kai ka san na'urar nan. Ka duba da kyau, ka gaya wa kawunka ba hannuna. Ni da shi mun wuce haka." Na amsa masa da "In sha Allahu, Baffa." Ban kira Kawu ba.

Da damina zazzaɓi ya kwantar da Baffa Buba, bai tashi ba. Kawu bai je jana'iza ba. Mutumin da suka yi rabin rayuwa tare.

Na samu aikin, in kuna son sani. Da labarin rasuwar ya zo min na kasa zama, na buɗe kwamfuta na cire bidiyon, na rage hotunan, na goge sunana. Tsakanin azahar da la'asar na gama. Abin da ya raba su ke nan, aikin da bai kai wuni ba. Shafi ya koma buɗewa tun kafin ka ɗaga yatsa, oda ta fara shigowa, har Kawu ya rasa kwalabe. Na ɗauka ko kaɗan na rage zunubi. Sai ga wayarsa, murya ƙasa-ƙasa: "Ka gani ko, ɗan nan? Ƙasa na rufe shi, nauyin ya sauka."

Jama'a, da hannuna na kafa wa mamaci shaida. Yanzu maganar ta zaga, Umma ta ce iyalansa in sun kawo zuma kasuwa mutane kaucewa suke, wai gidan masu ɗaure kasuwa ne. Ni kuma duk shafin da na buɗe a ofis, da zarar da'irar nan ta fara juyawa sai in ji muryarsa, "ka duba da kyau." Ko a sallah tana zuwa min. Saƙon yana nan a wayata, na kasa gogewa, na kasa sake saurara.

In na faɗa wa Kawu gaskiya, na sa shi ya rayu da sanin cewa ya ƙi raka amininsa kabari a kan bidiyon ƙudan zuma. Wataƙila ma ya ce tausayi ne ya sa nake kare shi, tunda ya ga "hujja" da idonsa. In na yi shiru, 'ya'yan Baffa Buba za su girma da sunan da ni na jawo wa ubansu. Kawu zan fara tara, ko Falgore zan nufa in durƙusa gaban matar marigayin? Wanda ya roƙe ni kalma ɗaya ya tafi ban ba shi ba, wa zai yafe min a madadinsa? Don Allah, me zan yi?