Inda Tsohuwa Take

Daga Glenorra, mako biyu bayan girbin sha'ir.

Zuwa ga ƙanena Ewen, a fadar Sarki.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da matarka Efrik. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa. 'Yata Marsali ce ke rubutawa, ni nake faɗa, na kuma ce kada ta gyara mini magana.

Shekarar da tafki ya daskare har aka kora shanu ta kansa, bana shekara goma sha ɗaya ke nan, a ita ce na fara ganin wannan Ninian ɗin naku. Ya biyo Sarki farauta, yana riƙe masa shaho, takalminsa ɗaya a yage. A ƙofar madafa ya ci abinci. Ni da hannuna na miƙa masa gurasar sha'ir da cuku, ya cinye bai ɗago kai ba. Yau an ce shi ke sa wa Sarki riga, hatimi ma a wuyansa yake rataye, manyan ƙasa kuma sai sun yini a tsaye a ƙofarsa kafin su ga Sarki. Me ya yi? Wane yaƙi ya je? Na tambayi duk wanda ya sauko daga fada, amsar ɗaya ce: yana sa Sarki dariya.

Ubangidanmu Kolum kakanninsa tara ne a ƙasar nan, ina iya jero maka su ko daga barci aka tashe ni. Laifinsa ɗaya: sun haɗu a ƙofar majalisa, Ninian ya nemi shiga gabansa, Kolum ya ce masa, "Matsa, mai shaho." Ai gaskiya ya faɗa. A kan wannan aka kore shi ƙetaren teku, yanzu kuma Lachlan mai niƙa ya zo da labarin wai Sarki ya ba Ninian Glenorra.

To ka gaya masa takarda ba ta ba da ƙasa. Sai ya zo ya tsaya da ƙafarsa, a damƙa masa ƙasa da dutse a tafin hannu, a zagaya iyaka mai faɗin iyaka yana faɗa gaban shaidu. Mai faɗin iyakar Glenorra kuwa ni ne tun rasuwar Baba. Kada ya wahalar da ɗan aike. Ko Sarkin ne ya zo da kansa ba zan buɗe baki ba.

Ka gai da Efrik. Ka huta lafiya.

Yayanka, Torkil.

*

Daga fada, farkon watan sanyi.

Zuwa ga Yayana Torkil, gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina roƙon Allah ya sawwaƙe gwiwa. Efrik ta aiko da man shafawa, a ɗumama kafin a shafa.

Yaya, na karanta wasiƙarka na jefa ta wuta nan take. Irin waɗannan kalamai ba a ajiye su a nan. Ina roƙonka ka sassauta. Ubangida Ninian ba yadda ake kai muku labari yake ba. Sarki ya tashi maraya a hannun manyan nan da kake yabo, kowa na jan sa gefensa, ba wanda ya taɓa tambayarsa ko ya ci abinci. Ninian ne ya fara tambaya. Ka yi hukunci da wannan.

Ban gaya maka ba, shekara biyu ke nan ina cikin hidimarsa, ni ke kula da tufafinsa. Bai manta da kai ba. Ran nan ina ɗaura masa takobi ya ce, "Ewen, tsohon nan da ya ba ni cuku yana hararata kamar na sace masa tunkiya, yayanka ne?" Na ce shi ne, ranka ya daɗe. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Ai kuwa ba zan sa shi hawan tudu ba. Ba gidanku ɗaya ba? Kai ka faɗi iyakar."

Saboda haka hankalinka ya kwanta, ba wanda zai aiko maka. Ranar bikin Waliyyi Martin za mu iso, ni zan faɗa. Ban manta ba, na sha jin Baba yana maimaitawa: daga bakin tafki zuwa mashigin barewa, daga mashigin barewa zuwa Tsohuwa, wato dogon dutsen nan da ke kan tudu, daga Tsohuwa a gangaro rafi. An ma ɗinka mini sabuwar riga don ranar.

Ka gai da Marsali. Allah ya bar zumunci.

Ƙaninka mai biyayya, Ewen.

*

Daga Glenorra.

Ewen, ina gaishe ka, don Baba ya koya mana gaisuwa.

Kai za ka faɗa? Kai?

Na sa Marsali ta karanta mini wurin sau uku. Ashe shekara biyu kana goge wa mai shaho takalmi, kana aiko mini da gaisuwa kamar ba komai. Wannan na bar ka da shi, cikinka ne. Amma iyaka ba a jin ta daga bakin murhu.

Ka tuna ranar da Baba ya ce mu fito mu biyu? Ina shekara tara, kana bakwai. Inna ta rungume ka ta ce ƙirjinka ba ƙwari, ta zaunar da kai ta ba ka madara mai ɗumi da zuma. Ni aka tafi da ni cikin ruwan sama. Alamar iyaka bakwai ce, a kan kowace Baba ya kwantar da ni ya zane ni da tsumagiya, kamar yadda ubansa ya yi masa, don kada wurin ya fita daga jikina. Na dawo ba na iya zama. Na same ka a cinyar Inna, haɓarka duk zuma. Kai ma ɗan gaban goshi ne, shi ya sa jininku ya haɗu da mutumin.

Ranar Lahadi bayan an fito daga coci, Lachlan ya tare ni gaban jama'a. Ya ce, "Baba Torkil, an ce an sauke maka kaya. Ɗan fada zai zo ya faɗa mana da murya mai turare." Na ce, "Kai dai ka faɗa mana inda garin mutane ke maƙalewa a dutsen niƙanka." Aka yi dariya, amma na ga yadda suke kallona. Matar Murdo mai kwalekwale har da cewa, "Ayya, ai gara ya huta." Ban ce wa kowa na gaji ba.

Su ma manyan haka suke. Waɗanda suka dafa takobi a zauren Kolum suka rantse ba za su sunkuya wa mai shaho ba, yanzu naman barewa suke aika masa. Ubangidan Ardmorran, maƙwabcinmu, da ya fi kowa kumfar baki, an ce 'yarsa zai ba shi.

Abu ɗaya zan gaya maka. Dogon dutse ba shi ne Tsohuwa ba. Kowa haka yake zato, don ya yi kama da mace a duƙe. Ba shi ba ne. Rabon da a zagaya iyaka tun ranar da Kolum ya gaji ubansa, shekara talatin da takwas, mu biyar muka hau da shi cikin ƙanƙara, huɗu suna kabari. Ka zo da sabuwar rigarka ka faɗa, ina gida ina jira a kawo mini labari.

Ka mayar wa Efrik godiya, man bai yi komai ba. Sai wata rana.

Torkil.

Baffa, ni ce Marsali, na ƙara wannan bai sani ba. Idan ka tsayar da iyaka a dogon dutse, makiyayar tudu duk ta faɗa hannun Ardmorran, abin da aka faɗa gaban shaidu kuwa ba ya tashi. Gida goma sha uku ne ke kai shanu can da bazara, har da nawa. Ba mu da wata ciyawar. Na roƙe shi ya nuna mini wurin, ya ce ni ba a zane ni ba. Kwana biyu bai ci abin kirki ba, yana zaune yana maimaita iyakar shi kaɗai.

*

Daga hanya, masaukinmu na uku.

Yaya Torkil, ina gaishe ka. Ba zan yi maka maganar fada ba yau.

Na je wa Ninian da batun. Yana gwada safar hannu, ya ce, "Tsohuwa, budurwa, duk wadda ka ga dama ka faɗa, Ewen. Ka dai gaggauta, tudun nan naku sanyi ne da shi." Da na ambaci makiyaya sai ya ɗaga kafaɗa, ya ce ai Ardmorran surukinsa ne, ciyawa ba ta bar gida ba. Bai san gida goma sha uku ba, Yaya, ba mugunta ba ce, bai dai san su ba. Wakilin Ardmorran kuwa yana cikin tawagarmu. Tun da ya ji dogon dutse zan ce yake zuba mini giya yana kirana malam.

Ka ce na sha zuma. Na sha. Amma ta taga na tsaya ina kallonku kai da Baba har kuka ɓace a hazo, da kuka dawo kuma ya ɗora ka a kafaɗa, bai ko dube ni ba. Daga ranar duk maganar da zai yi da kai yake yi. Da ya zo mutuwa kai ya kira. Shekara hamsin ina ɗaura wa mutane takobi, ba wanda ya taɓa yin shiru don ya ji abin da zan faɗa. Da Ninian ya ce in faɗi iyaka, daɗi na ji, ba zan ɓoye maka ba.

Ka rubuto mini inda Tsohuwa take. Layi ɗaya ya isa, ba wanda zai sani sai Marsali, kai ba ka karya rantsuwarka ba, mutane kuma ba su rasa ciyawa ba. Idan tsumagiyar ce dole, ka same ni a wurin kafin taro, zan tuɓe rigar in kwanta, da furfurata da komai.

Jibi za mu sauka a gidan Kolum. Ina sauraronka.

Ƙaninka, Ewen.

*

Daga Glenorra, jajibirin Waliyyi Martin.

Ewen, barka da sauka. Na hango hayaƙinku ta ƙetaren tafki.

Ba a rubuta Tsohuwa. In rubuto maka, ka tsaya gaban Glenorra duka ka faɗa da bakinka, a ce ashe Ewen ma ya sani? Tsumagiyar ma ba zan yi maka ba. Tawa ce, ni na sha ta.

Na ce ba zan buɗe baki ba, Lachlan zai yi shekara yana tuna mini. Idan Kolum ya ji a ƙetaren teku cewa ni na zagaya da mai shaho, ba zai ƙara ambaton sunana ba, kuma yana da gaskiya. Na auna wannan duka. Marsali da ke rubuta wannan tana zaton don shanunta ne, sai ta yi ta zato.

Ka gaya wa ubangidanka ya sa takalmin kirki, Tsohuwa ta fi dogon dutse nisa ƙwarai, kuma ba zan gaggauta ba. Ka gaya wa wakilin Ardmorran ya daina ɓarnar giyarsa.

Gobe da safe Marsali za ta ɗaure mini gwiwa, in hau kwalekwalen Murdo in ƙetaro. Ni zan shiga gaba, ni zan faɗi iyakar. Kai ka biyo bayana da sabuwar rigarka, inda hawa ya yi tsanani ka ba ni kafaɗa, bakinka a rufe.

Yayanka, Torkil.